Babur ɗin da ya daɗe a ajiye: abin da ya kamata a yi kafin a taka kik

A gidaje da yawa na Takanamat da Afala da Barmu, har da unguwannin birnin Tawa, za a tarar da babur jingine a zaure ko a bayan rumbu, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tayoyinsa sun sace, ƙura ta rufe tankin. Mai shi yana Libiya, ko Abijan, ko Legas. Wani wata shida ya yi a nan, wani shekara uku. Ranar da mai shi ya dawo, ko ƙanensa ya samu izinin hawa, abin da ake yi kusan ɗaya ne a ko'ina: a sayo lita guda ta mai, a zuba a kan wanda ya kwana a tanki, a yi ta dukan kik, in ya ƙi tashi a kira yara su tura.

A cikin waɗannan mintoci biyar na farko ne ake yin ɓarnar da ta fi tsada. Injin da ya yi watanni bai juya ba a bushe yake daga sama, man da ke cikinsa ya lalace, soson da ke tace masa iska ya ruɓe. Tayar da shi a haka kan sa gyaran ƴan jikkuna kaɗan ya koma na buɗe inji gaba ɗaya.

Lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa da wannan aiki a Adar. An gama aikin gona, akwai ɗan abin hannu daga kaka, kuma rana ba ta korar mutum daga gindin babur kamar a watan Afrilu. Sai dai aikin yana da tsari, kuma kik ne ke zuwa a ƙarshe.

Me ke sa babura su kwanta?

Babban dalili a Adar shi ne bida. Da an kai hatsi rumbu, samari da magidanta kan kama hanyar Najeriya, Kwaddibuwa, Aljeriya ko Libiya. Masu cin rani sukan dawo kafin damina, amma waɗanda suka yi nisa sukan ɗauki shekaru. Da yawa ba sa son a hau musu babur a bayan idonsu, sai su tafi da makulli.

Dalili na biyu shi ne tsaro. An hana hawa babur a jihar Diffa a 2015 saboda hare-haren Boko Haram. A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tiliya da Tasara na jihar Tawa, tare da matakan taƙaita zirga-zirgar babura. A jihar Tilaberi kuwa, haramcin da ya soma a watan Janairun 2020 sai a watan Satumbar 2021 aka ɗage shi, wato wata 20 babura suna tsaye.

A ƙaramar hukuma irin Takanamat, da ke arewa maso yamma da Tawa, babur ba kayan ado ba ne. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita, shi ke kai marar lafiya babban asibitin jiha, shi ke zuwa kasuwar Lahadi ta Tawa ya dawo da kaya. In ya mutu a tsakiyar daji babu gareji a kusa. Saboda haka gyaran da ake nema shi ne wanda zai kai mutum ya dawo da shi, ba na ya tashi a ƙofar gida kawai ba.

Abin da zama ke yi wa babur

Man fetur ba ya jure ajiya. A cikin ƴan watanni ɓangarensa mai saurin kama wuta yakan bi iska, sauran ya yi kauri, ya yi ja, ya riƙa wari kamar tsohon fenti, ya bar wani danƙo mai toshe ƙananan hanyoyi. Zafin bazara, da kan wuce digiri 40 a Tawa, yana gaggauta wannan lalacewa. Da damina kuma danshi kan shiga tankin da ba a cika ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya haifar da tsatsa.

Baƙin mai yakan tsiyaye daga saman inji ya taru a ƙasa, ya bar silinda da fistan babu abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe. Batir yakan zubar da wutarsa da kansa ko ba a kunna komai ba, in ya daɗe a haka ba ya sake riƙe caji. Roba takan bushe ta tsage. Ɓera kan ci soso da wayoyin wuta, zanzaro kan yi gini a cikin salansa ko akwatin iska. Wanda zai ɗaga kujera ya yi hattara da kunama.

Takardu da lissafi tukuna

Kafin a kashe ko dala, a nemo takardu. A duba lambar da ke jikin ƙarfen babur, a wuyansa, da wadda ke jikin inji, a gwada su da abin da ke rubuce a takardar duwan da takardar mallaka, wato kart giriz. In babur ɗin na gado ne, ko na ɗan'uwan da ke waje, a daidaita maganar mallaka tun yanzu. An sha ganin wanda ya zuba kuɗinsa a gyara, daga baya rigima ta tashi a gida.

Sai a duba abubuwa uku da ke nuna ko gyaran zai biya. Na farko, ƙarfen jikin bai tsage ko ya lanƙwashe ba. Na biyu, injin yana juyawa. Na uku, ana samun kayansa a kasuwa. A nan masu babura ƙirar China masu cc 125 sun yi sa'a, domin da yawansu an kwaikwayi injinsu ne daga Honda CG 125. Kamfanin Honda ya fito da ita a 1975 musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a cika juye a kan lokaci ba, shi ya sa injin yake da sauƙin gyara, kayansa kuma suna shiga juna. Tsofaffin Yamaha Mate da mobilet kuwa, kayansu na asali sun yi ƙaranci, sai an bi kasuwar tsofaffin kaya.

A juya injin da hannu

A wanke babur ɗin tas, a goge kewayen buji, wanda a Najeriya ake ce wa fulogi, don kada yashi ya faɗa ciki. A kwance bujin, a ɗiga baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a ramin, a rufe da tsumma mai tsabta, a bar shi ya kwana. Washegari, giya tana furi, a danna kik da hannu a hankali. In ya sauka salin-alin, a maimaita sau goma ko fiye don man ya shafi bangon silinda. In aka toshe ramin da babban yatsa aka ji iska tana tunkuɗe shi da ƙarfi, injin yana da sauran rai.

In kik ya ƙi motsi, to ringin fistan sun manne da tsatsa. Kada a hau shi da ƙafa, kada a tura a saka giya. Yin haka kan karya ringi, ya ƙarje silinda, wani lokaci ya fasa haƙoran kik. A zuba ɗan gazuwal a ramin buji, a ba shi kwana biyu ko uku, ana ɗan gwadawa kullum. In ya saki, madalla. In bai saki ba, aikin makanike ne ya buɗe saman injin.

Tanki da kafireta

Tsohon mai ba a haɗa shi da sabo. A juye shi duka a galan, a waje, nesa da murhu da masu shan taba. A haska cikin tankin da tocila. In akwai tsatsa, a cire tankin, a zuba gazuwal da ƴan ƙananan noti, a girgiza sosai, a zubar, a ɗauraye da fetur mai tsabta har sai abin da ke fitowa ya yi garau. A ƙidaya notin kafin a zuba da bayan an fitar. Sai a canza tiyon mai, a sa ƙaramar matata a tsakaninsa da kafireta.

Kafireta, wadda masu gyara a Nijar suka fi kira da sunanta na Faransanci, karbirater, ita ce ke gauraya mai da iska, kuma ita ce ta fi shan wahalar ajiya. A cikinta akwai ƴan kusoshi biyu na tagulla masu huda a tsakiya, ana ce musu jikler. Ƙaramin shi ke riƙe injin idan ba a murɗa totur ba, hudarsa siririya ce ƙwarai, shi ne kuma ke fara toshewa. Alamarsa sananniya ce: babur ya tashi da cok, da an mayar da cok ya mutu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zura allurar ɗinki a cikin hudar. Allura ta fi tagulla tauri, takan faɗaɗa hudar, daga nan babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. A jiƙa jikler a fetur mai tsabta, a bi shi da silin waya guda na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar wuta, a busa da famfo, a ɗaga shi a rana a ga haske ya ratsa. A duba ƴar allurar da ke tsayar da mai idan kofin kafireta ya cika, domin in ta ci, mai zai yi ta zuba a ƙasa. A kuma lanƙwasa robar da ta haɗa kafireta da inji. In ta tsage, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, injin ya yi zafi fiye da kima.

Man da za a fara zubawa ya kasance na gidan mai. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, arahar man ƴan ruwa-ruwa ta ragu, a Nijar kuma an rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024. In ba a samu sai na kwalba ba, kamar yadda yake a ƙauyuka, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Baƙin mai da matatar iska

A yi juye kafin a tayar da injin, ba bayan an tayar ba. Injin mai cc 125 yakan ci kusan lita ɗaya. A yanayin zafi irin na Adar an fi amfani da mai lamba 20W-50. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, domin a yawancin babura kuloci yana wanka ne a cikin man inji, kuma wasu mayukan mota sukan sa shi sulɓi. A injin irin na CG akwai ƴar raga a bayan babban murfin juye, a cire ta a wanke. In tsohon man ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, a nuna wa makanike. Wannan man na farko na wanki ne, a sake juye shi bayan ƴan kwanaki na hawa.

Babura masu bugu biyu, irin Mate da mobilet, dokarsu daban ce, don suna ƙona mai na musamman tare da fetur. A Mate akwai ɗan famfo da ke tura man daga tankinsa. Bayan doguwar ajiya ba a yarda da famfon sai an gwada, don haka a gauraya ɗan man a cikin fetur na farko.

Matatar iska kuwa, a lokacin hunturu ita ce ran injin. Ƙurar da ke rufe Tawa a wannan lokaci, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, ciki har da kwarin Bodele na Chadi, gari ce mai laushi da ke cin ƙarfe kamar sanfefa. A murza soson da yatsa. In ya marmashe a sayi sabo, in ba haka ba injin zai zuƙe ɓarɓashinsa. In yana da kyau a wanke shi, a shanya, a shafa masa baƙin mai kaɗan a matse, domin man ne ke kama ƙura. Duk lokacin da inji ko kafireta suke a buɗe, a yi aikin a cikin ɗaki ko rumfa, a toshe kowace kafa da tsumma.

Wuta

Batir mai volt 12 idan ya cika yakan nuna kimanin 12.6 a na'urar awo. In ya daɗe ƙasa da 12, da wuya ya dawo daidai. Ana cajinsa ne a hankali, da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: mai lamba 7Ah yana son ampiya 0.7. Cajar mota, ko haɗa shi kai tsaye da farantin sola ba tare da regileta ba, kan dafa shi. In ruwansa ya ja baya a ƙara ruwan batir tatacce, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba.

Babura da yawa suna tashi da kik ko babu batir, amma hawa a haka kan ƙone ƙwayayen fitila. Buji ba shi da tsada, gara a sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. A haɗa shi da wayarsa, a jingina shi da jikin inji, a danna kik, a ga tartsatsi shuɗi. Kada a yi wannan gwaji kusa da man da ya zube. A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya a nemo inda ɓera ya ci.

Tashin farko

Yanzu ne lokacin kik. A fito da babur waje. Hayaƙin inji yana ɗauke da guba marar wari, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. A buɗe mai, a ja cok, a taka. In ya tashi kada a murɗa totur don a ji ƙara. A bar shi yana bugawa a hankali na ƴan mintoci kaɗan, domin iskar tafiya ce ke sanyaya shi, in ya daɗe a tsaye zai yi zafi. Hayaƙin farko na man da aka ɗiga ne, zai wuce. In shuɗin hayaƙi ya ƙi ƙarewa a injin mai bugu huɗu, ringi sun ci. In ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, a kashe nan take.

Faifan kuloci sukan manne da juna a ajiya, ta yadda da an saka giya babur zai yi tsalle ya mutu. Maganinsa shi ne, inji a kashe, a saka giya, a damƙe kuloci, a riƙa tura babur gaba da baya har ya saki.

Birki da taya: inda rai yake

Da inji ya tashi, mutane da yawa sukan ɗauka aiki ya ƙare, alhali ɓangaren da ya fi haɗari bai soma ba. Fatar birki a manne take da gam a jikin ƙarfenta, kuma bayan shekaru takan ɓalle ta maƙale ƙafar ana cikin gudu. A cire ƙafafun biyu a gani da ido. Wayar birki ko ta kuloci da ko sili ɗaya ya tsinke a canza ta. Mai birkin faifai ya juye man birkinsa, domin yana zuƙar danshi, masu ƙera babura kuma sukan ce a canza shi duk shekara biyu.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen yawancin tayoyi akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2318 tana nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta wuce shekara biyar tana son dubawa sosai, wadda gefenta ya tsattsage kuwa ba ta da amana a kan duwatsun Adar da ƙayar aduwa, ko da zanenta bai goge ba. A sa sabon tiyub. A wanke sarƙa da gazuwal, a ba ta sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, a sa mata mai kaɗan, don mai da yawa yana tara yashi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma hukumar ta ce hular kwano da aka ɗaure daidai tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Kuɗin kask ya shiga lissafin gyara tun farko, tare da na inshora.

Kaya da ciniki

Kayan gyara da yawa suna shigowa Tawa ne ta Ƙonni daga Najeriya, kuma masu babura sun ji a jikinsu lokacin da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kaya iri ɗaya yakan zo hawa-hawa, da mai kyau da na jabu. Araha ba ta ado, musamman a fatar birki, taya da ringi. A tafi kasuwa da tsohon abin a hannu don a gwada. A yi ciniki da makanike kafin ya kwance ko kusa ɗaya, a kuma nemi ya dawo da duk abin da ya cire. In kuɗi bai isa ba, a fara da birki da taya, sai mai da matata, fenti da madubin ado su jira.

Kafin a ajiye shi a gaba

Mai shirin tafiya bida zai iya kauce wa yawancin wannan wahala da aikin awa ɗaya. Ya yi juye. Ya rufe famfon mai ya bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, don kafireta ta bushe. In tafiyar ta ƴan watanni ce ya cika tanki, in ta shekaru ce ya juye shi tas ya shafe cikinsa da ɗan baƙin mai. Ya ɗiga mai a ramin buji, ya cire batir ya ba wanda zai yi amfani da shi, ya toshe salansa da tsumma, ya ɗora babur a kan babbar ƙafarsa a inuwa.

Wanda ya gama tayar da nasa kuma, kada tafiyar farko ta zama ta daji. Ya yi kwana biyu ko uku yana zagaya gari a hankali, yana taɓa birki, yana duba inda mai ke ɗiga, yana sake ɗaure kusoshi. Kafin ya nufi arewa, wajen Takanamat da iyakar Tiliya, ya tambayi hukuma ko jandarma dokar da ake bi a kan babura a lokacin, domin takan canza. Ya ɗauki buji na biyu, da faci, da famfo, da ruwan sha.